Zanzibar: Birnin Kanumfari Da Igwa Ta Ci Cikin Minti 38

Babu gidan da ake dama fura ko ake daka yaji a ƙasar nan da ba a san kanumfari ba, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar daga ina ya fito, balle su tambayi wanda ya sha wahalar noma shi. Ni ma haka nake, sai da Allah ya nufe ni da zuwa Zanzibar, tsibirin nan na gabashin Afirka wanda a ƙarni na 19 ya fi ko'ina a duniya noman kanumfari. Buɗe ido ne ya kai ni, amma abin da na gano ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya kamata in ba masu karatu labari.

Daga Darussalam, babban birnin ciniki na Tanzaniya, tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin ruwa mai sauri. Zanzibar tsibirai ne a cikin Tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba. A kan Unguja babban birnin yake, shi ma sunansa Zanzibar, kuma a nan Shugaban tsibiran yake zaune tare da majalisarsa, domin ko da yake suna cikin Tanzaniya suna da gwamnatinsu ta cikin gida.

Tun jirgi bai kai gaɓa ba mutum zai hango jerin fararen benaye sun ba teku gaba, hasumiya nan hasumiya can, ga kuma jiragen katako da ake kira jahazi, masu tafiya da ƙarfin iska. Iskar nan kuwa ita ce ta haifi garin. Daga wajen Disamba zuwa Maris takan buso daga arewa maso gabas, ta kawo jirage daga ƙasar Larabawa da Farisa da Indiya, daga Afrilu kuma sai ta juya ta mayar da su gida. Saboda haka fatake sukan zauna watanni suna jiran iska ta juya, su yi ciniki, su yi aure, su hayayyafa. Ta haka harshen Sawahili, wanda asalinsa na Afirka ne, ya cika da kalmomin Larabci kamar yadda Hausa ta cika. Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya gane sabuni, ko habari, ko dunia, ko Alhamisi. Kanumfarin ma karafuu suke ce masa.

Sai dai baƙo ya yi hattara da agogonsu. Yaron da zai zagaya da ni gari ya ce mu haɗu da saa tatu, wato sa'a uku, ni kuwa na saki jiki ina jiran ƙarfe uku na yamma. Ashe ƙarfe tara na safe yake nufi, domin su daga fitowar rana suke fara ƙidaya, ƙarfe bakwai namu shi ne ƙarfe ɗaya nasu. Da ya gaji da jira ya zo ya same ni a masauki, ya ce, "Baba, ko ba ka da lafiya ne?" Na ce lafiyata ƙalau, baƙunta ce, wadda aka ce ko ido gare ta makauniya ce.

LUNGUNA DA ƘOFOFI

Tsohon garin shi ne suke kira Mji Mkongwe, wanda Hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ko na Zazzau ba zai yi mamakin ƙuncinsu ba, illa dai nan gidajen benaye ne hawa biyu, hawa uku, har rana ba ta cika sauka ƙasa ba. Mota ba ta shiga yawancinsu, sai keke da babur da amalanke. Da dutsen da ake haƙowa daga bakin teku aka yi ginin, aka ɗaure shi da farar ƙasa, aka yi rufi da sandunan itacen gaɓar teku kamar yadda muke yi da azara. Da yake sandunan ba su da tsawo sosai, sai ɗakunan suka zama dogaye marasa faɗi.

A ƙofar kusan kowane gida akwai dakali, su baraza suke ce masa, kuma aikinsa ɗaya da namu. A nan dattawa suke zama cikin fararen riguna da huluna masu aiki, ana kurɓar gahawa ana hira. In za ka shiga gida sai ka ce hodi, a amsa maka da karibu. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne ƙofofin kansu, manya-manya na katako, an sassaƙe su da zanen furanni da igiyoyi. Na Larabawa masu kusurwa huɗu ne, sau da yawa da ayar Alƙur'ani a goshinsu. Na Indiyawa kuwa samansu a lanƙwashe yake, an jera musu manyan ƙusoshin tagulla. A da, ƙofar mutum ita ce take faɗin arzikinsa.

Masallatai a tsohon garin sun kai wajen hamsin, amma yawancinsu ba su da ado, har mutum yakan wuce bai sani ba sai ya ga takalma a bakin ƙofa. Wannan ya biyo halin Ibadiyyan Oman da suka mulki garin, waɗanda ba sa son ƙawa a wurin ibada, ko da yake yawancin jama'a 'yan Shafi'iyya ne. A kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904, na tarar da kanumfari buhu-buhu, ga kirfa, ga masoro, ga citta, ƙamshi har yana sa atishawa. Ina tsaye a nan na fara tambayar kaina, wai da kuɗin me aka gina duk waɗannan benaye?

DAGA FOTUGAL ZUWA OMAN

Amsar ta fara ne daga tsohuwar ganuwar da ke bakin teku, Ngome Kongwe. Turawan Fotugal su ne baƙin farko da suka zo da igwa. Vasco da Gama ya gitta ta nan a 1499, a 1503 kuma suka ɗora wa tsibirin haraji. Sun yi kusan shekara ɗari biyu suna karɓa, ba su kafa saiwa ba, har Larabawan Oman suka kore su daga gaɓar nan a 1698. Larabawan suka gina ganuwar a kan kufan majami'ar 'yan Fotugal. Daga baya ta zama kurkuku, yanzu kuwa masu sayar da zane-zane ne a ciki, da dandalin wasanni.

Wanda ya ɗaga garin shi ne Sayyid Sa'id ɗan Sultan, Sarkin Oman, wanda ya ga Zanzibar ta fi masa Maskat ruwa da ni'ima da riba, ya mayar da fadarsa nan a 1840. Amurka ta riga ta buɗe ofishin jakadanci a 1837, Ingila ta biyo a 1841, Faransa a 1844. A zamaninsa gonakin kanumfari suka mamaye Unguja da Pemba. Attajiran Indiya suna ba da jari, ayarin fatake suna kutsawa cikin babban yankin Afirka ta Tabora har Ujiji a bakin Tafkin Tanganyika, har su ƙetare zuwa Kwango, su dawo da hauren giwa. Shahararren cikinsu shi ne Hamid ɗan Muhammad, wanda aka fi sani da Tippu Tip, ya rasu a 1905, gidansa yana nan a unguwar Shangani.

To, amma hauren giwa ba ya kawo kansa bakin teku, kanumfari kuma ba ya tsinke kansa. Da hannu ake tsinkar 'ya'yansa tun suna toho, kafin su buɗe, a hau itace a bi reshe-reshe, sa'an nan a shanya a tabarma har su yi baƙi. Aiki ne mai cin hannaye da yawa, hannayen kuwa na bayi ne. Ayarin da ya kawo haure shi yake kawo mutane, dubbai kowace shekara, wasu a tura su gona, wasu a loda su a jahazi zuwa ƙasashen ƙetare.

KASUWAR DA TA ZAMA MAJAMI'A

Daga ganuwa muka ratsa lunguna zuwa unguwar Mkunazini, inda babbar kasuwar bayi take a da. An rufe ta a watan Yuni na 1873, bayan da wakilin Ingila, John Kirk, ya gaya wa Sarki Bargash cewa in bai sa hannu ba manuwar Ingila za ta tsare tsibirin, ba shiga ba fita. A ƙarshen wannan shekara 'yan mishan suka aza harsashin babbar majami'ar Angilika a kan filin kasuwar. A cikinta akwai wani gicciye da aka yi da itacen da aka binne zuciyar David Livingstone a gindinsa. A waje kuma akwai wani rami da aka yi a 1998, an tsayar da siffofin mutum biyar a ciki, maza da mata, sarƙa a wuyansu.

Na daɗe a bakin ramin nan. Abu ne mai sauƙi mutum ya zagi Bature a kan cinikin bayi, kuma ya cancanci zagin, domin gonakin rake na Faransawa a tsibiran Tekun Indiya sun sha bayin wannan gaɓa, hauren da suka ɗauko kuma a Turai da Amurka aka mai da shi mataji da maɓallan fiyano. Amma masu kasuwar nan masu salla ne, masallatansu ga su nan kewaye da ita. Mu ma in mun tuna, kasuwar Kurmi ta sayar da mutum, gandaye da rumada kuma ba aljanu ne suka nome su ba, bauta ba ta haramta ƙwata-ƙwata a Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. Wanda ya je Zanzibar ya yaba ƙofofi bai zo bakin ramin nan ba, ya ga rabin gari ne kawai.

Kada kuma a ɗauka tausayi kaɗai ne ya kawo Ingila. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa ya tsage tun rasuwar Sayyid Sa'id a 1856, sa'ad da 'ya'yansa suka yi rigimar gado. Wa ya raba gardamar? Gwamnan Ingila na Indiya, Lord Canning, a 1861. Ya bar wa Suwaini Oman, ya bar wa Majid Zanzibar, ya yanka masa kuɗin da zai riƙa biyan ɗan'uwansa kowace shekara. Tun daga ranar, wanda ya raba gado ya zama uban gida. A 1886 Ingila da Jamus suka zauna suka yanke ƙasar Sarki ta babban yankin Afirka, suka bar masa tsibirai da wani siririn zirin gaɓa mai faɗin mil goma. A 1890 suka sake zama, Jamus ta karɓi wani ɗan tsibiri a tekun Turai mai suna Heligoland, ta sakar wa Ingila Zanzibar. Aka ce wai ta shiga ƙarƙashin kariya.

MINTI 38

Muka komo bakin teku, kusa da ganuwa, inda Baitul Aja'ib yake, wato Gidan Mamaki. Sarki Bargash ne ya gina shi a 1883, dogon bene mai baranda kewaye da ginshiƙan ƙarfe. Shi ne gini na farko da ya sami lantarki a tsibirin, kuma na farko a gabashin Afirka mai na'urar hawa bene. Wani sashe nasa ya rufta ranar 25 ga Disamba, 2020, ana cikin gyara, har ma'aikata suka rasa rayukansu, saboda haka daga waje na tsaya na kalle shi. A filin da ke gabansa ne aka gwada wa duniya ma'anar kariyar nan.

Ranar 25 ga Agusta, 1896, Sarki Hamad ɗan Suwaini ya rasu farat ɗaya. Khalid ɗan Bargash ya shiga fada ya hau gado ba tare da neman yardar Turawa ba, ya tara mutum wajen 2,800. Turawa kuwa Hamud ɗan Muhammad suke so. Suka jera manuwa biyar a gaban fada, suka ba Khalid wa'adi zuwa ƙarfe tara na safiyar 27 ga wata ya sauke tuta ya fita. Bai fita ba. Ƙarfe tara da minti biyu igwa ta fara magana, ƙarfe tara da minti arba'in ta yi shiru. Fada ta kama wuta, jirgin Sarki mai suna Glasgow ya nutse, mutum wajen 500 na Khalid suka mutu ko suka jikkata. A wajen Turawa, ma'aikacin jirgi ɗaya ne ya ji rauni. Shi ne yaƙin da ake cewa ya fi kowane gajarta a tarihi. Kafin la'asar an naɗa Hamud, shekara ta zagayo ya sa hannu a dokar 1897 wadda ta soke matsayin bauta.

Abin lura shi ne, sauran jama'ar tsibirin ba su tashi don ceton fada ba. Wanda ke tsinkar kanumfari a gonar ubangijinsa, me ya dame shi da wane ɗan sarki ne ya hau?

Labarin nan bai yi nisa da mu ba kamar yadda ake zato. Hafsan da ya jagoranci manuwar nan, Harry Rawson, shi ne wanda bayan wata shida, cikin Fabrairu na 1897, ya ja rundunar da ta ƙone Birnin Bini ta kwashe kayan tagullarsa. Bayan shekara shida kuma, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗi. Khalid ya fake a ofishin jakadancin Jamus, suka tsallakar da shi Darussalam. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko Ingilishi suka kama shi, suka kai shi tsibirin Santa Helena, daga nan Seshel, ya rasu a Mombasa a 1927. Sarkin Kano Alu, wanda aka kai Yola sa'an nan Lakwaja, ya riga shi da shekara ɗaya, a 1926. Kowannensu ya cika a garin da ba nasa ba.

Daga 1913 babban Baturen Zanzibar Razdan ake kiransa, kalmar da kakanninmu suka sani sarai. Sarki yana fada da tutarsa ja, ana buga masa igwar girmamawa, Razdan yana riƙe da baitulmali da doka. Sarki Khalifa ɗan Harub ya yi shekara 49 a haka, daga 1911 zuwa 1960. Turawa suka riƙi tsibirin a matsayin ƙasar Larabawa, suka kasa jama'a kashi-kashi: Balarabe mai gona, Ba'indiye mai kanti, baƙar fata mai ƙwadago. 'Yantattun bayi da yawa suka ci gaba da zama a gonakin iyayen gijinsu, ba su da ko taki ɗaya na kansu. An kafa majalisar dokoki a 1926, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙar fata ya sami kujera a cikinta.

TSALLAKEN RAFI

Wanda yake so ya ga sakamakon wannan rabo, sai ya bi babban titin da ya wuce ta gaban kasuwar Darajani. A da wani rafin ruwan teku ne a wurin, Turawa suka cike shi. Yamma da shi gidajen dutse, gabas da shi kuwa Ng'ambo, wato Tsallake, inda bayi da 'yan dako da masu ƙwadago suka kafa gidajen ƙasa da rufin ganyen kwakwa. An cike rafin, amma na cikin zukata bai cike ba.

A zaɓen Yuli na 1963 jam'iyyar Afro-Shirazi, wadda ƙarfinta yake a Tsallake da ƙauyukan Unguja, ta sami fiye da rabin ƙuri'u, amma kujeru 13 kaɗai ta samu cikin 31, saboda yadda aka yanka mazaɓu. Ingila ta miƙa mulki ranar 10 ga Disamba, 1963, ga Sarki Jamshid da gwamnatin masu kujeru 18, ta kwashe sojanta ta tafi. Wata ɗaya da kwana biyu aka yi. Daren 12 ga Janairu, 1964, wasu ɗaruruwan mutane a ƙarƙashin wani ɗan Uganda, John Okello, suka fasa ma'ajin makaman 'yan sanda, kafin rana ta faɗi Sarki ya shiga jirgin ruwa ya gudu. Ya yi fiye da shekara hamsin a Ingila, sai a 2020 ya koma Oman.

Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne. An kashe dubban Larabawa da Indiyawa, yawancinsu ba 'yan fada ba ne, ƙananan 'yan tireda ne da manoman ƙauye, wasu dubban kuma suka bar ƙasar. Musulmi ya kashe Musulmi a kan bashin da kakanni suka ci. Abeid Karume ya zama Shugaba, ranar 26 ga Afrilu, 1964, ya haɗa Zanzibar da Tanganyika, aka sami Tanzaniya. Ya raba gonaki ga talakawa, ya gina dogayen benayen Michenzani a tsakiyar Tsallake da taimakon Jamus ta Gabas, ya kuma yi mulki da hannun ƙarfe har aka harbe shi a 1972. Gidajen dutse da masu su suka gudu aka zuba iyalai a ciki, ɗaki-ɗaki, ba mai kuɗin gyara, shi ya sa har yanzu ake ganin wasu sun tsage an tokare su da katako.

Da magariba ta yi na sauko lambun Forodhani, gaban ganuwa da Gidan Mamaki. Masu abinci sun kunna fitilu, ana gasa kifi, ana matse rake da citta da lemun tsami, samari suna ta alkafura daga kan bango suna faɗawa teku. In ka dubi fuskokinsu ba za ka iya cewa wannan jikan mai gona ne, wancan jikan wanda aka saya ba, domin jini ya riga ya gauraya. A daidai wurin nan manuwa biyar suka tsaya, daga gaɓar nan kuma Sarki na ƙarshe ya shiga jirgi.

Sau uku ke nan ana kawar da masu mulkin garin nan, 'yan Fotugal, da Khalid, da Jamshid, kuma kowane karo talakawan tsibirin ko dai sun naɗe hannu, ko kuwa su ne suka tura. Mulkin da ya jingina da jiragen wani, ko da wuyan talaka, ranar da aka janye abin jinginar ba ya kai la'asar. Masu riƙe da jama'a a ko'ina suke, ya kamata su san labarin nan.

Na sayo kanumfari mudu guda na kawo tsaraba. Uwargida ta ce ya fi na kasuwarmu ƙamshi, ni kuwa tun daga ranar in na ji shi a fura sai ramin Mkunazini ya faɗo mini a rai. Allah ya jiƙan waɗanda suka tsinka, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.